Yadda ake aiken burauza marar fuska ba tare da ta lashe maka mega ba

Kawuna ɗan kwangila ne a nan Tawa, amma ƙarami: tebura da bencunan makaranta, siminti, wani lokaci gyaran rijiya. Irin aikin da yake nema a shafukan intanet na ƙungiyoyi da ma'aikatu ake sanar da shi, kuma kowace sanarwa da ranar da za a rufe karɓar dosiye. Shi bai iya kwamfuta ba, ko saƙon wayarsa jikoki ke karanta masa. Shi ya sa kullum da safe, kafin in buɗe shagona na buga takardu, sai na bi shafuka 7 ɗaya bayan ɗaya in ga ko an saka sabon abu. Minti 40 ke nan in rezo ya yi kirki. Ranar da na gaji na ce masa, "Kawu, zan sa kwamfuta ta riƙa dubawa da kanta." Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, zuwa da kai ya fi aike." Na ce, "Gaskiyarku, Kawu, amma wannan ɗan aiken ba ya tsayawa shan shayi a fada."

Ɗan aiken da nake nufi shi ne burauza marar fuska. Chrome ce dai wadda ka sani, ko Firefox, sai dai ba ta buɗe taga a allo. Tana shiga shafi, ta gudanar da JavaScript ɗinsa, wato kod ɗin da ke sa shafi aiki a cikin burauza, ta danna maɓalli, ta cike gurabe, duk a ɓoye, kai kuwa kana ba ta umarni daga ɗan shirin da ka rubuta. Abin da ke kai mata umarnin shi ne laburare, wato kunshin kod da wasu suka riga suka rubuta don kada ka wahala. Kafin 2017 yawancin mutane da PhantomJS suke wannan aiki. A shekarar Chrome 59 ta fito da hanyarta ta aiki ba fuska, a 2018 kuma aka dakatar da PhantomJS. In ka tarar da bidiyon koyarwa yana cewa ka sauke PhantomJS, wuce kawai, tsohon zance ne.

Abin da ya ɗauke ni watanni kafin in gane shi ne nauyin ba a laburaren yake ba, a burauzar yake. Mutane suna ta gardamar wane laburare ya fi sauƙi, alhali kowanne ka ɗauka ƙarshenta Chrome guda zai tayar, ita ce mai cin RAM, ita ce mai cin mega. Kwamfutar da na ware wa wannan aiki tsohuwar ThinkPad ce da na sayo hannu na biyu a Yamai, RAM ɗinta giga 4, a watan Afrilu kuwa sai na ɗora ta kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta. Mai irin wannan kaya, wanda kuma da kuɗinsa yake sayen forfe, tambayarsa ta farko ba "wane laburare" ba ce.

Shin ma shafin yana buƙatar burauza?

Buɗe shafin a Chrome ɗinka ta yau da kullum, ka danna Ctrl da U. Asalin rubutun da saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ta aiko zai fito. Danna Ctrl da F ka nemi wata kalma daga cikin abin da kake so, misali sunan wani gari da ke cikin sanarwar. In ka gan ta a nan, ka huta, ba ruwanka da burauza. Requests zai ɗauko shafin, BeautifulSoup ya tsinto maka abin da kake so, dukansu na Python ne, kuma saukar da su ba ya ko girgiza forfenka. In akwai gurbin da sai an cike, kamar zaɓen jiha kafin a danna nema, MechanicalSoup yana yi. A kan waɗancan biyun aka gina shi, yana riƙe kukis, wato 'yan bayanan da shafi ke gane ka da su, yana bin mahaɗa, JavaScript ne kawai ba ya taɓawa. Cikin shafukan Kawu 7, guda 4 a nan suka ƙare.

In ba ka ga kalmar ba, kada ka yi sauri tukuna. Danna F12, ka shiga sashen Network, wanda ke fitowa da sunan Réseau in kayan aikin na Faransanci ne, ka zaɓi Fetch/XHR, sannan ka sake loda shafin. Da yawan shafukan zamani fanko suke zuwa, daga baya su aika a ɗauko bayanan daga wani adireshi daban, a tsarin JSON, wato rubutu tsararre da shiri ke karantawa cikin sauƙi. In ka ga wannan adireshin a jerin, danna shi ka duba amsarsa. Sau da yawa ga teburin nan gaba ɗaya a tsare, ya fi wanda ke allo tsabta. Sai ka kira adireshin kai tsaye da Requests. Shafi na biyar haka na yi masa. Wanda zai kai buhun gero ɗaya Badagishiri ba ya hayar tirela.

Saura 2. Waɗannan sun ƙi kowace dabara: ɗaya sai an danna "na gaba" kafin ya nuna sauran, ɗayan kuma sai an shiga da suna da kalmar sirri. Su ne suka sa na tayar da burauza.

Ko a nan akwai matakin da mutane ke tsallakewa. Chrome da kanta, ba laburare ko ɗaya, tana iya loda shafi ta gudanar da JavaScript ta zubo maka sakamakon. A Debian, wato irin Linux ɗin da ke kan ThinkPad ɗina, haka nake rubutawa da Chromium, tushen da aka gina Chrome a kansa:

```
chromium --headless --dump-dom https://adireshin-shafin > shafi.html
```

Sai in miƙa shafi.html ga BeautifulSoup. In hoto kake so, sa `--screenshot` a madadin `--dump-dom`. In PDF ne, `--print-to-pdf`. Muddin kallo kawai za ka yi, ba danne-danne, wannan ya isa.

In sai an danna

Zaɓina Playwright ne da Python, zan kuma faɗi dalili, amma bari in fara da wautar da na yi. Playwright na Microsoft ne, ya fito a 2020, yana tuƙa Chromium da Firefox da WebKit. Na sa `pip install playwright`, wanda shi kansa wajen mega 40 ne domin yana ɗauke da Node, mai gudanar da JavaScript a wajen burauza, a cikinsa. Sannan na bi umarnin da kowa ke rubutawa, `playwright install`, haka tsirara, na tashi yin sallar la'asar. Ashe in ba ka ambaci suna ba, duka burauza ukun yake saukewa. Kafin in dawo forfen da na saya don mako ya ƙare, saukewar ma ba ta kammala ba. An yi ba a yi ba.

Gaskiyar magana, in kana da Windows 10 ko 11, ba ka buƙatar sauke burauza ko ɗaya. Edge tana nan a kwamfutar tun daga kanti, kuma tun 2020 a kan Chromium aka gina ta. Ce wa Playwright ya yi aiki da ita kawai, da `channel="msedge"`, ko `channel="chrome"` in Chrome gare ka. In ya zama dole ka sauke tasa, ambaci suna: `playwright install chromium`. Sababbin fitowa ma suna karɓar `--only-shell`, wanda ke kawo ƙaramar marar fuskar kaɗai. In kuwa ku da yawa ne a fada kuke koyo, mutum ɗaya ya isa ya sauke: `pip download playwright -d kaya`, a zuba jakar "kaya" a kile, kowa ya sa `pip install --no-index --find-links kaya playwright`. Sharaɗin dai tsarin kwamfutocin ya zama iri ɗaya, Python ɗin ma haka.

Mai JavaScript yana da Puppeteer, na mutanen Chrome, tun 2017. Tarkonsa iri ɗaya ne: `puppeteer` yana sauke Chrome tasa da ta haura mega 150 ba tare da ya tambaye ka ba. Wanda kake so shi ne `puppeteer-core`, wanda ba ya sauke komai, kai za ka nuna masa inda burauzarka take. Akwai wani kwaikwayonsa na Python mai suna pyppeteer. An daina kula da shi, masu shi da kansu Playwright suke nuna wa mutane. Selenium shi ne dattijon gidan, tun 2004, kuma ba laifi gare shi, sai dai jiran abubuwa a cikinsa kai za ka tsara da hannunka, a rezo irin namu kuwa jira shi ne rabin aikin. Wanda na fi sha'awa bayan Playwright shi ne chromedp na harshen Go. Yana magana da Chrome kai tsaye ta hanyar da ake kira DevTools Protocol, ba direba a tsakani, kuma shirin Go fayil ɗaya yake zama. Za ka iya haɗa shi a Linux ya fito .exe, ka kai wa mutum a kile, ba sai ya sa Python ba. Da wani zai ce in yi masa irin wannan aiki a ofishinsa, da shi zan yi.

Wani abu kafin kod: in kwamfutarka har yanzu Windows 7 ce, Chrome 109 ce ta ƙarshe da ta yarda da ita, Python kuma 3.8. Kada ka ɓata lokacinka, sa mata Debian. Na ce Debian ban ce Ubuntu ba domin a Debian `apt install chromium` yana ba ka ita kai tsaye, Ubuntu kuwa ta hanyar snap take kawo ta, ƙarin nauyi ke nan.

Ga gangar jikin shirin:

```python
from playwright.sync_api import sync_playwright

def tace(hanya):
    if hanya.request.resource_type in ("image", "media", "font"):
        hanya.abort()
    else:
        hanya.continue_()

with sync_playwright() as p:
    burauza = p.chromium.launch(channel="msedge")
    zama = burauza.new_context(locale="fr-FR", timezone_id="Africa/Niamey")
    shafi = zama.new_page()
    shafi.route("**/*", tace)
    shafi.goto(ADIRESHI, wait_until="domcontentloaded", timeout=90000)
    layuka = shafi.locator("table tbody tr")
    layuka.first.wait_for(timeout=60000)
    for layi in layuka.all():
        print(layi.locator("td").all_inner_texts())
    burauza.close()
```

A nawa, maimakon `channel`, na sa `executable_path="/usr/bin/chromium"`. Ban rubuta "marar fuska" ko'ina ba domin Playwright a haka yake tashi in ba ka ce akasin haka ba.

Aikin da na kira `tace` shi ne mai tsare maka aljihu. Duk abin da shafin ya nema sai ya bi ta hannunsa. Hoto, bidiyo da salon haruffa ya mayar da su, saura ya bari su wuce. Ɗaya daga cikin shafukan Kawu yana da manyan hotunan taro guda biyar da ke juyawa a samansa, teburin da nake nema kuwa layi goma ne na rubutu. Kullum ina biyan kuɗin hotunan mutanen da ban sani ba suna yanka kintinkiri. Kada dai ka zaƙe ka toshe CSS, wato abin da ke tsara kamannin shafi: wasu maɓallan sai da shi suke bayyana, in ka hana shi Playwright zai tsaya jiran maɓallin da ba zai taɓa fitowa ba. Na gwada, na sha.

Sai maganar jira, inda na ga ƙanena da ke koyo wurina ya fi tuntuɓe. Ya zo mini da shirinsa cike da `time.sleep(5)`, ya ce, "Yaya, jiya ya yi, yau ya ƙi." Na ce masa jiya da asuba ka gwada, yau da azahar. Daƙiƙa 5 da asuba ta yi yawa, da rana ba ta isa ba. Kada ka jira agogo, jira abin da ka zo nema. Layin `layuka.first.wait_for` cewa yake yi: tsaya har layin farko na teburin ya bayyana, da ya bayyana ka ci gaba. Playwright daƙiƙa 30 yake jira in ba ka faɗa masa ba, sannan ya yi fushi ya tsaya. Ni na kai nawa 60 da 90, kowace daƙiƙa 1000 ake rubuta ta, shi ya sa ka ga 90000. Shi kuwa `domcontentloaded` yana hana shi zaman jiran kowane tarkace na shafin kafin ya fara aiki.

Wajen danna maɓalli, kira shi da sunan da ido ke gani: `shafi.get_by_role("button", name="Suivant").click()`, ko `get_by_label` ga gurbin cikewa. Dogayen adireshin nan da ake kwafowa daga F12, masu div cikin div cikin div, da mai shafin ya gusa abu ɗaya sun karye. Dalilin `locale="fr-FR"` ke nan ma: in ba ka sa ba, wani shafin zai ɗauka Ingilishi kake ji, maɓallin da ka kira Suivant ya zo da wani suna. In ka rasa yadda za ka kira wani abu, `playwright codegen` da adireshin shafin zai buɗe maka taga, kana dannawa yana rubuta kod ɗin. In kuma shiri ya ƙi ba ka san dalili ba, mayar mata da fuskarta na ɗan lokaci: `launch(headless=False, slow_mo=500)`, ka zauna ka kalli abin da take yi a hankali. Gani ya kori ji.

Shafin da ke neman kalmar sirri, sau ɗaya nake shiga da hannuna, taga a buɗe, sannan in sa `zama.storage_state(path="shiga.json")`. Gobe sai in ba `new_context` wannan fayil, ta wuce kai tsaye. Amma shiga.json mabuɗin gida ne. Kada ya shiga kile ɗin da ke yawo a shago.

Abubuwan da sai ɗan nan zai gaya maka

Wuta. Kowa ya san lokacin zafi a Tawa kuran ba shi da alkawari, batirin tsohuwar kwamfuta kuma minti 20 ne. Kada shirinka ya tara komai a ka sai ƙarshe ya rubuta. Ya gama shafi ɗaya, ya zuba a fayil, sannan ya wuce na gaba. Kowane shafi kuma a ba shi dama 3, da ɗan hutu a tsakani, in ya ƙi a rubuta sunansa a wuce, kada ɗaya ya hana shida. Burauza ɗaya nake tayarwa, shafi ɗaya a lokaci guda, in rufe shi kafin in buɗe wani. Giga 4 ba ta son taro. Don ya tashi da kansa, cron, mai tayar da shiri a lokacin da ka tsara a Linux, yana da kyau, amma in lokacin ya yi kwamfuta na kashe, ranar ta wuce ke nan. Anacron shi ke rama bashi da zarar an kunna. A Windows, cikin Planificateur de tâches, akwai akwatin da ke cewa a gudanar da aikin da wuri in an rasa lokacinsa. Sa masa alama.

Kuɗi. Shafukan Faransanci suna rubuta miliyan ɗaya da dubu 250 haka: 1 250 000. Wannan tazarar sau da yawa ba irin wadda ke kan madannai ba ce, wata ce ta daban mai kama da ita, shi ya sa za ka goge tazara ka ga Python har yanzu yana ƙin lambar. Tsince lambobin kawai: `"".join(h for h in rubutu if h.isdigit())`. Da sefa wannan ba haɗari, tunda ba ma rubuta komai bayan waƙafi; da Yuro ko Dalar Amurka kuwa zai mayar maka da 12,50 ta koma 1250.

Excel. Na kai wa Kawu takarda ta farko, duk é ta zama wasu ƙwari, ƙ da ɗ da ɓ ɗin da na rubuta a kan ginshiƙai su ma haka, kuma komai ya cunkushe a ginshiƙi ɗaya. Magani biyu ne: rubuta fayil ɗin da `encoding="utf-8-sig"`, sannan ka raba ginshiƙai da `;` ba da waƙafi ba, domin Excel mai saitin Faransanci shi yake nema.

Sai ladabi. Sabar wasu ƙananan ƙungiyoyi ba ta fi kwamfutata ƙarfi ba. Sau ɗaya a rana nake zuwa, da hutun daƙiƙa kaɗan tsakanin shafi da shafi. Ina duba robots.txt, wanda ake samu ta ƙara wannan suna a ƙarshen babban adireshin, in ga inda mai gida ya ce kada a shiga. In shafi ya tare ni da tambayar nan ta "kai mutum ne", na san ba a son ɗan aike a nan, sai in je da kaina. Sanarwar kwangila don jama'a aka buga ta. Sunayen mutane da lambobin wayarsu wani abu ne daban, Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita, ni ba na kwasar su.

Babban kuskurena ba a kod yake ba. Shirin ya yi wata biyu lafiya lau, na saki jiki. Sai aka shiga kwana 9 yana cewa ba sabon abu a wani shafi, ni kuma ina gaya wa Kawu haka. Ashe sun sake fasalin shafin: tsohon teburin yana nan da tsofaffin layukansa, sababbin sanarwa kuwa an koma saka su a wani sashe. Shirin bai faɗi ba, bai yi kuka ba, yana ta karanta abin da ya mutu. A bakin wani abokin sana'arsa Kawu ya ji labarin aikin bencuna, saura kwana 2 a rufe, dosiye kuwa ba ya haɗuwa a kwana 2. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, ɗan aiken naka ya fara shan shayi?"

Tun ranar na ƙara abu uku. In shafi ya dawo da layi sifili, shirin ya ɗauke shi a matsayin matsala, ba "babu labari" ba. In ranar sanarwa mafi sabunta a wani shafi ta wuce kwana 7, ya rubuta mini gargaɗi a saman takardar da manyan haruffa. Kuma duk lokacin da ɗayan biyun ya faru, ya sake loda shafin ba tare da `tace` ba, ya ɗauki hotonsa da `shafi.screenshot(path="duba.png", full_page=True)`, don in ga abin da ita burauzar ta gani. Ranar Juma'a kuwa, bayan an sauko daga masallaci, ina buɗe duka bakwai ɗin da hannuna in gwada da takardar makon, Kawu na zaune a benci kusa da ni yana tambaya ko na ga wani abu na siminti.